Haɗa kwamfutar shago da ɗan abin da ke hannu

Asabar, 9 ga Agusta 2025

Yau dai na haƙura, laftof ɗin nan tawa ta gama nata. Wata hajiya ta zo da safe daga wajen Ƙofar Marusa tana son katin bikin ɗiyarta, na buɗe CorelDRAW na jawo hotuna uku kacal sai abu ya tsaya cak, linzami ba ya motsi, fanka na ta kuka kamar injin markaɗe, ni kuma ina ta murmushin yaƙe ina cewa Hajiya yi haƙuri yanzu za ta dawo. Mun fi minti goma muna kallon juna. Kuma ba zan zage ta ba, furosesarta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, i5 ce ta jenereshon na 3, ƴar 2012, kor biyu gare ta, kamar a ce ma'aikata biyu kacal a ciki, ta yi mani wahala iya wahala.

To na kwashi adashe satin da ya wuce, na haɗa da ɗan abin da na ɓoye, gaba ɗaya naira 550,000. Monita ina da ita, kibod da linzami akwai, SSD ɗin cikin laftof ma 512GB ne zan ciro shi. Saura furosesa, modabod (babban allon da ake ɗora komai a kai), RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi), fawa fak (mai raba wa kayan wuta) da kesin. Aikina a shago ba wani mai nisa ba ne, katin biki, fosta, bana, tayifin ɗin furojet na ɗaliban jami'ar Umaru Musa da na Hassan Usman, sai ɗan yanka bidiyon walima jefi-jefi. Ƙanena da ke taya ni zama shi kuma tun da ya ji maganar idonshi ke kan gem, wai in an tashi shago ya ɗan buga ƙwallo.

Furosesa ce ta hana ni barci. Ita ke jan ragamar sauran kayan, da ka zaɓe ta ka riga ka zaɓi irin modabod da irin RAM, har ma ko za ka sayi gurafik kad, wato katin da ke fitar da hoto, ko ba za ka saya ba. Zan riƙa rubuta yadda ake ciki a nan don kar in manta dalilan da suka sa na yi abin da na yi.

Laraba, 13 ga Agusta

Na zagaya shagunan masu kwamfuta cikin gari bayan la'asar. Shago na biyu ogan ya tare ni da fara'a, ya ce Malam kai da Allah ya so ka, jiya aka sauke mamu wata i7 ƴar Beljiyam, ba abin da ba ta ɗauka, kuma ko rabin kuɗinka ba za ta ci ba. Wallahi sai da zuciyata ta buga. Na ce a kunna in gani, muka shiga wurin bayanin na'ura, sai ga i7-3770.

Ga inda mutane ke faɗawa rami. Sunan i3, i5, i7 kamar muƙami ne a cikin gida ɗaya, ba ya faɗa maka shekarun mai muƙamin. Shekarun suna cikin lambar da ke biye. A furosesar kwamfutar tebur, in lamba huɗu ce, ta farkon ita ce jenereshon, 3770 na 3 ke nan, 8500 na 8. In biyar ce sai ka ɗauki biyun farko, 12100 na 12. Wannan i7 ɗin da ake yi mani kirari a 2012 ta fito, sa'ar laftof ɗin da nake gudu ce, kor 4 zare 8 (zare shi ne layin aikin da take iya ja a lokaci guda), da RAM irin na DDR3. Ita kuwa i3-12100 ta 2022, wadda in ka faɗi sunanta a kasuwa za a ce ai ƙarama ce, ita ma kor 4 zare 8 ne da ita, sai dai shekara goma ke tsakaninsu kuma ko kusa tsohuwar ba ta kamo ƙafarta. Na ce Oga ai wannan tsugune ba ta ƙare ba, in sayar da kare in sayi biri. Ya yi dariya ya ce to kai ɗan boko ne.

Ga kuma maganar Windows. Microsoft ta ce ranar 14 ga Oktoban nan za ta daina kula da Windows 10, shi kuma Windows 11 a hukumance daga jenereshon na 8 na Intel yake farawa, ko Ryzen 2000 a ɓangaren AMD, sannan sai da wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0. Duk abin da ke ƙasa da haka sai ta bayan gida.

Amma fa kar in yi ƙarya, akwai wadda ta tsaya mani a rai a shago na huɗu, irin ƙananan kwamfutocin ofis ɗin nan na Dell OptiPlex, mai i5-8500, kor 6, ƴar 2018, tana ɗaukar Windows 11 lafiya lau. Abin da ya sanyaya mani gwiwa, fawa fak ɗinsu da wayoyinshi na musamman ne, ba irin na kasuwa da kowa ke da shi ba, in ya ƙone sai ka nemo irin shi sak, kuma cikin a matse yake ba kowane kad ke shiga ba. Na dai ajiye ta a matsayin in komai ya ƙi.

Lahadi, 17 ga Agusta

Ruwa ake tun asuba, ba kasuwa, sai muka baje takarda ni da ƙanena. Sunaye huɗu muka rubuta, i3-12100F, i3-12100, Ryzen 5 5600, da Ryzen 5 5600G.

Shi nan take ya nuna 12100F wai ita ta fi araha. Gaskiya ne, amma wannan F ɗin da ke ƙarshe shi ne tarkon, ma'anarshi ba ta da gurafik a cikinta, in ka haɗa ta ka soka wayar monita a bayan modabod baƙi ƙirin za ka gani, dole sai da kad daban. Ryzen 5 5600 ma haka take, a gidan AMD na wannan zamanin sai mai G a ƙarshe ke fitar da hoto da kanta. Wato arahar da ka gani a furosesa za ka je ka biya ta ninki a wurin kad.

Sai ya ce to Yaya ai shi ke nan, a sayi 5600 ɗin a haɗa da RX 580 na hannu, ga su nan birjik, abokinshi da shi yake buga komai. Mun fi awa ɗaya a kan wannan. Ba na musun cewa a gem wannan haɗin ya fi duk abin da ke kan takardarmu, nesa ba kusa ba. Matsalata biyu ce. Ta farko kad ɗin tun 2017 ya fito, kuma da yawansu an yi haƙar kirifto da su dare da rana shekara da shekaru, ba ka san wanda za ka ɗauko ba. Ta biyun ita ce babba, wuta. Mu da a kan raba mamu wuta kamar ana raba zakka, rabin yinin shago a kan inbata muke. Batir biyu gare ni, kowane 12V 200Ah, a takarda wat-awa 4,800 ke nan, amma duk mai son batirinshi ya yi ƙarko ba ya shanye fiye da rabi, ka ga saura 2,400, a ciki fanka za ta sha, fitila za ta sha, firinta da cajin wayoyin maƙwabta da ba a iya hanawa. RX 580 shi kaɗai in ya ɗauki aiki wat 185 ne. Awa huɗu na gem wat-awa 740, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da nake da shi, ban da ita kanta furosesar da monita. A damina irin wannan da sola ba ta cika batir, gobe da safe da me zan buɗe shago?

Ya yi shiru ya ce ai ba kullum zai buga ba. Na ce na san ka.

An soke biyu, saura i3-12100 da 5600G.

Lahadi, 24 ga Agusta

Sati guda ina jujjuya waɗannan biyun, in kwanta da ɗaya in tashi da ɗaya.

Abin da ke ja na wajen i3-12100 shi ne ƙarfin kor ɗaya. Yawancin abin da nake yi a CorelDRAW da Photoshop, jan abu, juya shi, sauya kala, buɗe fayil, ba aikin gayya ba ne, kor ɗaya ko biyu ke ɗaukar nauyin sauran suna zaune, kuma a nan ƴar Intel ɗin ta ɗan fi sauri duk da sunanta i3. Tana da Quick Sync kuma mai taimakawa wajen fitar da bidiyo. Sannan soket ɗinta, wato ramin da take zama a modabod, LGA1700, yana ɗaukar jenereshon na 12 da 13 da 14, gobe in Allah ya hore sai in cire ta in sa i5-12400 ko sama da haka ba tare da na taɓa modabod ba. Sai dai a kula, modabod ɗin H610 akwai mai DDR4 akwai mai DDR5, ba sa shiga ramin juna, wanda bai duba ba zai sayi RAM ya dawo yana zagin kanshi.

Ita kuma 5600G kor 6 zare 12, tana tashi daga 3.9 zuwa 4.4GHz, wat 65 aka rubuta mata. Ranar da na buɗe furojet ɗin ɗalibi mai shafi ɗari, ga burauza da shafuka ashirin, ga bidiyo yana fita a gefe, waɗannan ƙarin kor biyun za su yi magana. Babban abin dai gurafik ɗin cikinta ne, Radeon mai rukuni 7, wanda ya yi wa UHD 730 na cikin i3 ɗin fintinkau. Da shi yaron nan zai iya buga ƙwallonshi da GTA V in ya rage kwalliyar hoto, ba kad, ba ƙarin wuta. Aibinta ma na rubuta don kar son rai ya rufe mani ido. Ma'ajiyarta ta kusa, L3, 16MB ce, rabin ta 5600 mai 32MB, kuma hanyar da take magana da kad a PCIe 3.0 ta tsaya, wato ranar da na sa mata babban kad ba za ta kai ƴar uwarta marar G ba. Soket ɗinta AM4 kuma tun 2016 yake, ya zo ƙarshen hanya, daga jerin 5000 ba wani sabon jini. Amma ko a nan akwai irin su 5700X mai kor 8 da za a iya hawa nan gaba, ba a rufe ƙofa duka ba.

Na leƙa sababbin AM5 irin su 8600G, gurafik ɗinsu ya fi, amma sai da DDR5 da modabod mai tsada, da na haɗa lissafi na ga ko kesin ba zai rage mani ba, na rufe shafin.

Abin da ya raba gardama, na tambayi kaina yaushe zan sayi gurafik kad tsakani da Allah? Ba bana ba, baɗi ma da wuya. To in dai shekara biyu zan yi a kan gurafik na cikin furosesa, gara in ɗauki wadda nata ya fi. 5600G ke nan. Ƙanena har da rawa.

Asabar, 30 ga Agusta

Kano. Na fita tun bayan asuba, Charanchi, Kankiya, Bichi, kafin goma ina Beirut Road. A Katsina an ce za a iya yi mani oda daga Legas a aiko ta webil, amma furosesar AM4 allurai 1,331 ne a ƙarƙashinta, sirara kamar gashi, a jikinta suke ba a jikin modabod ba irin na Intel, ɗaya ta lanƙwashe a hanya wa zan kama? Gani ya kori ji.

Iri biyu aka nuna mani, ta cikin kwali da wadda suke ce wa ƴar tire, tsirara a cikin ɗan roba. Ƴar tiren ta fi sauƙi, amma ba kula, wato fankar sanyaya ta, a tare da ita, ita kuwa ta kwali da fankarta Wraith Stealth take zuwa da man zafi a shafe. Da na tambayi kuɗin kula daban sai na ga bambancin ya kusa cinyewa, na ɗauki ta kwali, na duba lambar da ke jikin ƙarfen ta tagar kwalin ta yi daidai da ta sitika.

RAM ma sai da aka ja. Yaron shagon ya dage wai sanda ɗaya mai 16GB ta fi, in bar rami don gaba. Na ce a'a ba ni 8GB biyu, DDR4-3200. Gurafik ɗin 5600G ba shi da ma'ajiyar kanshi, daga RAM yake ɗiba, sanda biyu hanya biyu ce, sanda ɗaya kuwa kamar a tura motocin kasuwar Charanchi duka ta layi ɗaya ne. Fawa fak na sayi mai wat 450 na kamfanin da aka sani mai tambarin 80 Plus Bronze, na ƙi wanda ake haɗowa kyauta da kesin, mai nauyin biredi. Da irin wutarmu ba wurin da za a yi rowa ba ne.

A modabod ne na yi wayo. Niyyata sabon A520, sai wani ya fito mani da B450 na hannu mai ramin RAM huɗu, tsaf da shi, kuma ya fi sauƙi sosai. Na ce yana ɗaukar 5600G? Ya ce Alhaji AM4 ai AM4 ne. Yamma ta yi, ina tunanin mota, ban ce a gwada a gabana ba. Na biya na fito ina jin na ci riba.

Talata, 2 ga Satumba

Mun haɗa daren jiya bayan isha'i. An daidaita ɗan alamar kusurwa ta furosesa da ta soket, ta faɗa da kanta ba dannawa, an ɗaure kula, RAM, SSD, wayoyin gaban kesin da suka fi komai cin rai. Bismillah, na danna.

Fanka na juyawa, fitila na ci, monita baƙi. Na sauya waya, na ciro RAM na goge na mayar ɗaya bayan ɗaya, na cire ɗan batirin modabod na jira na mayar, har monitar maƙwabci mai POS na aro. Shiru. Sai wajen ƙarfe ɗaya na dare abin ya faɗo mani. B450 a 2018 ya fito, 5600G kuwa sai 2021, in ba a sabunta BIOS ɗin ba, wato ƴar manhajar da ke tada modabod, modabod bai ma san wace ce aka ɗora mashi ba. Rami ɗaya ne amma ba su san juna ba. Wasu modabod ɗin suna da ɗan maɓalli a baya da ake sabuntawa da filash ko babu furosesa, na haska tocila na duba, nawa ba shi da shi.

Na kira mai shagon da safe, ya ce in kawo a duba. Kano fa, kuɗin mota zuwa da dawowa da yini guda na shago. Ribar da na ci ta fara zubewa.

Juma'a, 5 ga Satumba

Hutun Mauludi, shago a rufe, kwamfuta na kan tebur kamar gawa. Maganin dai a samo tsohuwar furosesar AM4 da modabod ɗin ya sani, a tada shi da ita, a sabunta, a mayar da sabuwar. Na tambayi masu gyara uku a gari, duk Intel ke hannunsu. Sai wani abokina da muka yi makaranta, yana gyara a Daura, ya ce yana da Ryzen 3 2200G a wata kwamfutar da ke jiran fawa fak, zai ba direba ranar Litinin.

Talata, 9 ga Satumba

Ta iso jiya, a naɗe da soso cikin gwangwanin madara, direban ya miƙo mani a tasha yana tambaya wai maganin me ne.

Wani abu da ya kusa ja mani asara, da zan cire kula daga kan 5600G na ja sama kai tsaye sai na ji ta taho da furosesar gaba ɗaya, man zafin ya manne su, ta fito daga soket alhali ƙarfen a kulle. Gabana ya faɗi. Na kai ta bakin ƙofa wurin haske ina duba layi-layi, Allah ya taimaka ba allurar da ta karkace. Ashe murɗawa ake hagu da dama a hankali kafin a ɗaga. Na koya da tsada, saura kaɗan.

2200G na shiga sai ga hoto, wallahi kamar an yi mani albishir da haihuwa. BIOS ɗin kuwa na 2019 ne. Na sauko da sabo daga shafin kamfanin, na sa a filash da aka goge da FAT32, kuma bayanin ya ce sai an bi ta wani na tsakiya kafin na ƙarshe, wato sau biyu. Akwai wuta a lokacin amma ban yarda da ita ba, na mayar da shagon kan inbata, na kashe fanka, na ce wa ƙanena ko tari kar ya yi kusa da soket, don in wuta ta yanke ana tsakiyar rubuta BIOS modabod ya zama faranti. Layin nan yana tafiya a hankali muna zufa. Ya gama na farko, ya gama na biyu.

Na goge tsohon man da ɗan sifirit, na ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, na mayar da 5600G. Ta ɗan yi jim, fanka ta tashi ta kwanta sau biyu, sai tambari ya bayyana.

Alhamis, 11 ga Satumba

Windows 11 ya hau. Sai da na kwashe fayilolin kwastomomi a wani hadis (hard disk) tukuna na goge SSD ɗin gaba ɗaya. A BIOS na kunna fTPM, shi ne TPM ɗin da ke cikin furosesar AMD, ba sai an sayi komai ba, na kashe CSM, tsohon tsarin tada kwamfuta.

Na sa manhajar CPU-Z mai nuna bayanin kayan ciki don in tabbatar abin da na saya shi aka ba ni, sunan ya fito daidai, kor 6 zare 12. Amma a shafin RAM sai na ga abu biyu. Gudun bai kai 3200 ba, yana can ƙasa, sai da na koma BIOS na kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken gudunshi. Na biyun kuma abin kunya, bayan duk wa'azin da na yi wa yaron shago a Kano, hanya ɗaya RAM ɗina ke aiki, don a daren da nake cire-cire na mayar da sandunan a ramuka biyu na jere. A mai rami huɗu tsallakewa ake, na biyu da na huɗu daga wajen furosesa. Na gyara. Ƙanena da ya gwada ƙwallonshi kafin gyaran da bayan gyaran ya ce Yaya kamar an sauya kwamfuta, da ƴan wasan suna ɗan tsinkewa in an yi kwana, yanzu sumul.

Na mayar wa abokina furosesarshi da kuɗin mota da ɗan kilishi.

Asabar, 27 ga Satumba

Sati biyu ana aiki. Fayil ɗin hajiyar nan da ya kunyata ni na sake buɗewa don mugunta, kafin in gyara zama ya buɗe. Bana mai faɗin ƙafa goma da a da nake fitarwa in tafi sallah in dawo, yanzu ina tsaye take gamawa. Bidiyon walima na minti ashirin na yanka, ina fitar da shi ina tayifin a gefe ba ta yi ƙorafi ba.

Zafi nake sa wa ido. Iyakar da AMD ta sa mata digiri 95 ne, a aikin yau da kullum ba ta zuwa ko kusa, wajen fitar da bidiyo ne ƙaramar fankar ke ɗaga murya. Amma yanzu damina ce. Gwajin gaskiya sai Afrilu, lokacin da shagon nan mai rufin kwano ke zama tanda, in ta yi yawa sai in nemi babbar kula. Batir kuwa alhamdu lillahi, muna kaiwa magariba da saura, har yaron ya yi awa ɗaya yana gem, da sharaɗin in fitilar inbata ta koma ja ya kashe ko ana bugun fenariti.

Talata, 14 ga Oktoba

Yau Windows 10 ya yi sallama a hukumance. Kwamfutoci ba su mutu ba, suna aiki, sabuntawar tsaro ce aka daina sai ga wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi na shekara ɗaya. Da hantsi wani maƙwabcinmu mai shagon fotokwafi ya shigo da kwamfuta a kafaɗa wai in sa mashi Windows 11, ina dubawa sai ga i7-3770, ban sani ba ko ita ce wadda aka yi mani tayi ko ƴar uwarta. Na ce Malam ana iya tura shi da manhajar Rufus a tsallake binciken cancanta, zai hau, amma Microsoft ba ta ɗauki alkawarin komai a kan irin wannan ba. Ya ce shi dai a sa, ai i7 ce. Na sa mashi.

Na zauna na yi lissafin ƙarshe. Daga 550,000 abin da ya rage bai kai kuɗin cika tankin babur sau biyu ba. Arahar B450 ɗin nan, in na haɗa kuɗin direba zuwa da dawowa, man zafi, data, kilishi da kwana tara da kwamfuta ta yi a kwance ina ƙarasa aikin mutane da tsohuwar laftof, sabon modabod mai sitikar Ryzen 5000 a kwali da ya fi mani sauƙi. Ramuka huɗun ne kawai ribata. Kuma har yanzu in ina cikin CorelDRAW zalla nakan ce da i3-12100 ce da ba abin da zan rasa, wataƙila ma ta ɗan fi, sai in waiga in ga yaron nan yana jiran a tashi shago. Wata ɗalibar da ta tambaye ni jiya me za ta saya don tayifin da karatu kawai, ita OptiPlex mai i5-8500 ɗin nan na tura ta ta duba, na ce ta tabbata an sa SSD kuma a kunna a gabanta.

Iska ta fara juyawa, da safe akwai ɗan hazo a wajen Gobarau. Kesin ɗin da na saya gabanshi a buɗe yake ba raga, na riga na ga ƙura ta fara kwanciya a fikafikan fanka. Gobe zan shiga babbar kasuwa in yanko ragar sauro ta taga in manna da maganaɗisu, sai kuma sitabilaiza in an biya ni kuɗin fostocin da na kai ranar Lahadi.